Amsa kan ƙara wa leza ƙarfi a dogon layin fayiba

Salamu alaikum jama'a. Injiniya, na saurari tambayarka, wai ka ƙara wa leza ƙarfi a layin nan mai kilomita 80, maimakon kurakurai su ragu sai suka ƙaru. To ba na'urarka ba ce, gilashin ne ya fara gardama.

Ka ga zuciyar zaren G.652 ɗin nan, wato zaren fayiba na yau da kullum, faɗinta kamar maikiromita 9 ne kacal, kuma a nan duk hasken yake cunkushewa. In ya yi yawa, shi kansa hasken ke canja yadda gilashin yake jinkirta shi. Tasirin Kerr kenan. Tsakiyar bugun hasken, inda ya fi ƙarfi, ba ya tafiya daidai da gefensa, launin hasken (wato tsawon igiyarsa) ya baje, ya shiga gonar tashar da ke maƙwabtaka, tunda kowace tasha da nata launin a cikin zaren. Kuma ɓarnar a kilomita 20 ɗin farko ake yin ta, tunda a launin nanomita 1550 asarar ƙarfin hasken 0.2 dB ce (dB ma'aunin raguwa ko ƙaruwar ƙarfi ne) kowace kilomita, daga nan hasken ya yi laushi.

Sai tasirin Brillouin. Leza mai siririn launi, da ta kai miliwat 5 zuwa 10 a dogon zare, sai hasken ya riƙa juyowa baya, ya goce da kusan gigahaz 11. Kana ƙarawa, can gaba bai ƙaru ba... a'a tsaya, naka ai yana ɗauke da data, launinsa ya riga ya faɗaɗa, Brillouin ba zai kama ka da wuri haka ba. Kerr ɗin dai.

Amma don Allah duba jikin kebul ɗin, ka tabbata ba wani nau'in zare mai suna G.653 ba ne. Wannan zaren, hmm. An ƙera shi ne yadda launuka ba sa tserewa juna a daidai 1550, lokacin launi ɗaya ake turawa. Da aka zo tura launuka barkatai, sai suka riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa, uku su haɗu su haifi na huɗu, ya faɗa kan tashar wani. Japan ta shimfiɗa shi da yawa, ƙarshe sai da suka matsa sama wajen nanomita 1570 zuwa 1600, aka kuma fito da zaren G.655 don gyara. Har yau wasu in sun ga zare, zare ne kawai!

Abin yi: sauko zuwa -3 dBm kowace tasha (dBm ma'aunin ƙarfin haske ne, 0 dBm daidai yake da miliwat 1), ka riƙa hawa da 1 dB, kana rubuta kurakuran kafin FEC, tsarin da ke gyara kurakurai da kansa, ya gyara. Za su ragu, su tsaya, su juyo. Yawanci kusa da 0 dBm suke juyowa. Ka tuna tasha 40 a 0 dBm jimilla 16 dBm ce, don haka kashe amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin hasken, kafin ka zare kanekta, ka goge bakinta, ƙura ɗaya tana ƙona fuskar gilashin. Turo min lambobin in ka gama.