Amsar Baffa game da doki a lokacin hunturu da jujin barga

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi ƙwarai da ka karɓi ragamar Bidi, dokin mahaifinka, ba ka bari an kora shi kasuwar Maigatari ba. Na ga tambayoyinka: ko ka riƙa hura masa wuta a barga da dare kamar yadda kakanku yake yi, ko ka sayi rigar nan da ka ga Turawa suna sa wa dawakinsu a intanet, ko ka yarda da mai kurar da ya ce zai riƙa kwashe maka kashin doki kyauta, sai kuma gashin da ka fara gani a tafin hannunka in ka shafa shi, wanda wasu suka ce maka kambun baka ne.

Sanyin ƙasarmu bai cika kayar da doki ba. A Disamba da Janairu awon zafi a Kano yakan sauka wajen 10 zuwa 13 da asuba, da rana kuma ya haura kusan 30. Waɗancan mutanen da ka gani suna zaune ne inda ƙanƙara ke zuba, ruwa ya daskare a komin doki, wasu ma aske gashin dokin suke yi sannan su rufe shi da riga. Kai abin da kake buƙata shi ne ka kafa zana mai kauri ta arewa maso gabas, inda iskar ke bugowa. In dokin ya tsufa ko ya rame, ka yafa masa tsohon bargo da dare, ka cire da hantsi. Kada ka bar masa har rana ta take, zai yi gumi a ciki, iskar maraice ta same shi a jiƙe, abin da kake gudu shi za ka jawo.

Abin da ke kwantar da dawaki a wannan lokaci ƙishirwa ce. Ruwan da ya kwana a daro yakan yi sanyi ƙarara, doki ya sa baki ya ɗan kurɓa ya ɗaga kai, yaro ya ce ai ya ƙoshi. Bai ƙoshi ba. Doki irin namu yana buƙatar lita 20 zuwa 30 a wuni, wato jarka guda ko fiye, in ya yi aiki ma ya zarce haka. Ga shi ɗanyar ciyawa ta ƙare, duk abin da yake ci busasshe ne. Busasshen abinci in bai sami ruwa ba sai ya cushe a hanji, doki kuma ba ya amai, abin da ya shiga ba shi da hanyar dawowa. Shi ya sa kakanku ba ya shayar da doki da kwanannen ruwa. Sai a ɗebo sabo daga rijiya, domin ruwan rijiya da safe ɗumi gare shi, ko a ajiye daro a rana har hantsi. Kanwar da yake jiƙa masa a dusa, da kantun gishirin Bilma da Buzaye suke kawowa kan raƙuma ana ajiye masa yana lasa, babban amfaninsu shi ne su sa shi neman ruwa. Ka ci gaba da wannan, amma kanwa kaɗan, ba kullum ba.

Kowace safiya ka duba kashinsa kafin a share. In ya fito ƙanana, busassu, masu tauri, ruwa ya yi masa kaɗan. In ka ga ya ƙi abinci, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana son kwanciya ya yi birgima, ka ɗauke abinci daga gabansa, ka ja shi yana takawa a hankali, ka kira likitan dabbobi nan take. Kada ka bari kowa ya ɗura masa jiƙo ta hanci. Na ga dawakin da aka rasa ta haka, domin jiƙon yakan wuce cikin huhu.

Ɗumin doki daga cikinsa yake fitowa. Harawa da ingirici in suna narkewa a hanji zafi suke bayarwa, saboda haka kaso mafi yawa na harawar ka ba shi da dare. Harawar wake da ta gyaɗa duk suna da kyau, sai dai ka buɗe damin ka sansana; wanda ya yi fumfuna kada ya kusanci bakinsa, ka kai shi juji. Ka yayyafa wa harawar ruwa don ƙura ta kwanta, ƙurar hunturu da ta harawa in suka haɗu su ke kawo tarin da ba ya jin magani. Dawa ko gero ka jiƙa, ka raba masa kashi biyu ko uku, kada ka zuba masa gaba ɗaya don kana son ya yi ƙiba da wuri. Kuma a komi za ka zuba, ba a kan yashi ba, don kada ya riƙa haɗiye rairayi.

Batun wuta kuwa, gaskiya ne kakanku yana hurawa, amma ka tuna yadda bargarsa take: fili ne a buɗe, turke a tsakiya, rumfa a gefe. Asalin hayaƙin ma na damina ne, ana ƙona busasshen kashin doki don korar sauro da ƙudaje masu cizo. Wutar hunturu rabinta don yaran barga ce da ke kwana a wurin, kuma akwai babba da ba ya barci sai ya ga ta mutu. Taka bargar ɗaki ce ta bulo da kwano, harawa jibge a kusurwa. Ban yarda ka hura wuta a ciki ba. Hayaƙin zai lalata masa ƙirji, kuma tartsatsi guda a wannan iska ya isa ya cinye gida, dokin yana ɗaure ba shi da hanyar tsira. Wanka ma sai rana ta yi tsaka. Kofato in ya fara tsagewa saboda bushewa, ka shafa masa man kaɗanya.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, ta mai kura. Ɗana, abin da yake so ya ɗauka kyauta ba shara ba ne. Lokacin muna yara, tun asuba jakuna suke shiga birnin Kano ta ƙofofinsa ɗauke da itace da kara, su fito da mangala cike da taki, a nufi Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu. Gonakin da ke kewaye da birni shekara da shekaru ana noma su ba a barinsu su huta, kuma ba su mutu ba. Takin nan ne ya riƙe su. Manomi kan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, har ya ba shi hatsi, don kawai shanu su kwana a wurin. Doki guda yana ba ka kashi wajen kilo 15 ko fiye a kowace rana. Ka lissafa daga kaka zuwa bazara, sannan ka je ka tambayi kuɗin buhun takin zamani.

Al'adar gidanmu ita ce taki yana bin harawa. Gonar da ta ciyar da doki ita ke da haƙƙin farko a kan jujinsa. In harawar daga gonar gado ta fito, can takin zai koma. In wani maƙwabci ne ya ba ka dami goma a kaka, to da bazara yana da mangala a wurinka ko bai tambaya ba, kuma kai za ka aika masa, ba jira za ka yi ya zo ya roƙa ba. Yaron da ke share barga shi ma ana ware masa nasa, ya kai gayaunarsa ko ya sayar. Abin da ya ragu bayan wannan ne ake sayar wa masu lambu. Mai kurar in yana so, ya jira wannan ragowar ya biya, ko ya kawo harawa a yi musaya.

Sai dai tara juji ma sani ne. Ɗanyen kashin doki in ka zuba shi a gindin shuka ƙona ta yake yi, kuma cike yake da irin ciyawa da ƙwan tsutsar ciki. Da damina juji da kansa yake ruɓewa. Da hunturu kuwa in ka jibge shi a fili, iska za ta busar da shi ƙayau, ya shekara bai zama taki ba, ƙarfinsa ya bi iska. Don haka ka haƙa rami a inuwa, zurfinsa zuwa ƙugu, nesa da rijiya, kuma ba kusa da turke ba saboda ƙuda. A share barga safe da yamma a zuba a ciki, tare da ragowar harawar da ya tattake. Ƙasar da fitsarinsa ya jiƙa kada a bar ta, a kankare ta a haɗa, a zuba masa sabon yashi. Mutane da yawa ba su san cewa rabin albarkar takin a fitsarin take ba. Sharar tsakar gida da kashin awaki da na kaji duk su shiga, toka kuma kaɗan-kaɗan. Leda da batir da fasasshen kwalba a tsince su, waɗannan kakanku bai san su a juji ba, ku ne za ku yi fama da su.

Ruwa shi ne sirrin. Ruwan wanke-wanke marar sabulu da yawa da ragowar ruwan daro, a riƙa watsawa har ya zama in ka dunƙula a hannu yana haɗuwa amma ba ya ɗiga. Ka rufe da tsohuwar zana ko kara. Bayan 'yan kwanaki ka soka ƙarfe a tsakiya, ka zaro ka taɓa. In ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, aiki yana tafiya; masana sun auna, zafin yakan kai digiri 55 zuwa 65, kuma shi ke kashe irin ciyawa da ƙwan tsutsa. Da asubar hunturu har tururi za ka ga yana tashi. Duk bayan mako biyu ko uku a juya shi, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, warin ya tafi, ya koma ƙamshi irin na ƙasa ranar ruwan fari. Wannan ne za ka kai gona dab da faɗuwar damina, a zuba tsibi-tsibi, a baje in an ga hadari ya fara haɗuwa. Kada a kai tun da wuri rana ta yi wata biyu tana dukansa. Gonar da ke samun irin wannan taki tana riƙe laima, ƙuduji ma ba ya samun sakewa a cikinta kamar yadda yake yi a gajiyayyar ƙasa. Masu latas da kabeji da karas kuwa kada ka taɓa sayar musu da wanda bai ruɓe ba, domin ɗanye ake cin kayansu.

Duk mai aikin juji ya sa takalmi. Ƙwayar cutar sarƙe haƙora tana zama a kashin doki da ƙasar barga, ta rauni take shiga, kuma doki yana cikin dabbobin da ta fi saurin kamawa. Akwai allurar rigakafinta ta mutum da ta doki, ku yi duka biyun.

Gashi kuma, ka kwantar da hankalinka, ba bakin kowa ba ne. In kwanaki suka gajarta doki yakan yi gashi mai ɗan kauri, in rana ta fara tsawo ya zubar. A ƙasashen sanyi, inda daren hunturu ke da tsawo ƙwarai, abin yana da yawa har ya cika buhu. Mu nan tsakanin rana mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba, shi ya sa namu kaɗan ne, daga ƙarshen sanyi zuwa shigar bazara. Magani shi ne goga kullum, da burushi ko dunƙulen ciyawa, sannan a bi da tsumma. Abin da ya zubo a share a kai juji. In yana zuba ko'ina daidai, fatar ƙasa tana sheƙi, lafiya ce. In kuwa ka ga tabo zagaye-zagaye ya yi sanƙo da ɓawo, ko yana goga jiki a bango ba hutawa, wannan makero ne ko ƙazuwa ko ƙwarƙwata. Ka ware burushinsa da shimfiɗar sirdinsa, ka wanke hannu bayan ka taɓa shi, domin makero yana kama mutum. In bazara ta yi nisa gashin bai zuba ba, ya yi burtsatse, haƙarƙari a waje, a duba tsutsar ciki da haƙoransa. Geza da wutsiya ba sa bin wannan zubar. Ka sa ido a kan wutsiyar, masu neman izgar goge da yara masu ɗana tarko sukan tsinke ta, ita ce kuma abin korar ƙudansa da damina.

Wani abu da ya kamata ka shirya masa: a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa cikin Maris, daidai lokacin zubar gashi. Sakakken gashi in ya haɗu da gumi a ƙarƙashin sirdi yakan dunƙule ya yi masa miki a gadon baya, musamman ranar da za a wuni a kai kamar Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin azumi ka fara goge shi sosai, kana fita da shi kilisa da yamma don jikinsa ya saba. Sallar kuma kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11, zuwa 2031 za ta shiga Janairu, kamar yadda muka yi hawa cikin tsananin sanyi a 1998 da 1999 da 2000. A irin wannan hawan, in kun sauka da magariba kada ka zare sirdi ka ɗaure shi a iska yana jiƙe da gumi. Ka sassauta majayin sirdi, a zagaya da shi har numfashinsa ya daidaita, a tsane shi da tsumma, a yafa masa bargo, sannan a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan.

Ramin jujin ka fara haƙa shi cikin makon nan, don ya samu ya nuna kafin ruwa ya sauka. In ka tashi kai taki, ka tambayi mahaifinka sunayen waɗanda suka ba shi harawa a kakar da ta wuce, ka fara da su. Ka gaishe shi da jiki, ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka. Allah ya yi maka albarka.

Baffanka.