Re: Ina zuwa coci kullum amma ji nake ban san Allah ba

'Yar'uwa, kin ce shekara da shekaru kina zuwa sujada amma zuciyarki fayau, kina tambaya ta ina za ki fara. Gaskiya ba ke kaɗai ba ce, nima na daɗe a haka, ina cikin mawaƙa a cocinmu nan Sabon Tasha, baki na waƙa hankali na can wajen tukunyar da na bari a gida.

Abin da ya taimake ni shi ne na daina tsalle tsalle a Littafi Mai Tsarki, yau Zabura gobe Ru'ya ta Yohanna. Na ɗauki Bisharar Yohanna kawai, sura 21 ce, kullum sura ɗaya da asuba kafin yara su tashi su fara neman koko, in an ɗauke wuta da tocilan waya nake karantawa, ina da wani tsohon littafin makaranta da nake rubuta abin da ayar ta nuna min game da halin Yesu. Ki tsaya sosai a sura 17 aya 3, wurin da Yesu ya ce rai madawwami shi ne a san Allah. Sati guda na yi a ayar nan.

Addu'a kuma ki rage jero buƙatu kamar lissafin cefane, wani lokaci ki yi shiru kawai. Da wuya fa, minti biyar ma sai kin yi fama.

Sannan ki nemi wata dattijuwa a zumuntar mata ki riƙa kai mata tambayoyinki. Wa'azin Facebook kam ki dinga auna shi da nassi, wasu surutu ne kawai.