Tambaya da Amsa: Rubutun Sirrin Mutanen Da

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa Kaisar na Rum yana da wani rubutu da abokan gaba ba sa iya karantawa. Yaya ake yin sa, kuma yana ɓoye sirri da gaske?

Amsa: Wa alaikumus salam. Marubucin tarihi Suetonius ya ruwaito cewa Yuliyus Kaisar kan maye gurbin kowane harafi da wanda ke gabansa da taku uku. Jera haruffa 26 daga A zuwa Z a layi ɗaya. A ƙarƙashinsu ka sake jera su, amma ka fara daga D, in ka kai Z ka dawo kan A. Da haka ZO GOBE zai koma CR JREH. Ku daidaita da wanda za ka aika wa tun farko a kan ɓ, ɗ da ƙ. Mafi sauƙi ku ɗauke su a matsayin b, d da k, don kada ƙirgen taku ya kauce.

Batun ɓoye sirri kuwa, sai dai a yi wasa da shi. Mabuɗai, wato yawan takun da za a iya zaɓa, 25 ne kacal, mai haƙuri zai gwada su duka kafin ya gaji. Ko an hargitsa haruffan gaba ɗaya, asiri yana tonuwa. Al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, shi ya bayyana yadda ake yi: ka ƙirga sau nawa kowace alama ta fito a saƙon, ka kwatanta da yawan fitowar haruffa a harshen. A Hausa A ce ta fi kowa yawa nesa ba kusa ba, don haka alamar da ta cika shafi kusan ko shakka babu ita ce. Daga nan gajerun kalmomi irin su "da" da "na" ke miƙa kansu. Irin wannan rauni ne ya ci Sarauniya Maryamu ta Sikotilan: Thomas Phelippes ya warware wasiƙunta a 1586, aka kashe ta a 1587.

Tambaya: To, Malam, babu wanda ya toshe wannan kafa?

Amsa: An toshe ta na wani lokaci. Giovan Battista Bellaso ya wallafa dabarar a 1553, ko da yake sunan Bafaranshe Vigenère ne ya manne mata. Ana zaɓar kalma ta zama mabuɗi, kowane harafinta ya faɗi yawan taku, A sifili, B ɗaya, haka har Z. Ɗauki DOKI, wato 3, 14, 10, 8. Ka rubuta shi a saman saƙon, kana maimaitawa. ZO GOBE ya zama CC QWES. Duba da kyau: O ta farko ta koma C, ta biyu ta koma W, sannan Z da O duk sun fito a C. Ƙirgen al-Kindi ya rikice ke nan. Kada ka zaɓi mabuɗi mai yawan A, domin A ba ta gusar da komai.

Maimaita mabuɗin ne ya kayar da ita. Friedrich Kasiski ya nuna hanyar a 1863. Ka nemi gungun haruffan da suka sake fitowa, ka auna tazarar da ke tsakaninsu. In ka samu 12, 20 da 28, duk suna rabuwa da 4, to alamu sun nuna mabuɗin harafi huɗu ne. Sai ka raba haruffan saƙon gida huɗu bi da bi (na 1, na 5, na 9 a gida ɗaya, na 2, na 6, na 10 a na biyu, haka dai), kowane gida ya zama rubutun Kaisar zalla. Shi ya sa gajeren mabuɗi a kan dogon saƙo ganganci ne. Kuskuren da ya fi damun masu koyo kuma shi ne tsallake harafi ɗaya na mabuɗin wajen rubutu, domin duk abin da ya biyo baya zai zama shirme ko a hannun mai mabuɗin.