Kafin a sayi kwamfuta, a san inda kuɗin bidiyon suke shiga

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Garwa, ina sayar da atamfa da shadda. Wata huɗu da suka wuce, ɗan ƙanena da ya gama sakandare bai samu aiki ba ya kawo mini shawarar mu fara haɗa gajerun bidiyo na talla, irin waɗanda ake jera hotuna a ɗora musu rubutu da murya da manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Muna yi wa makarantu masu zaman kansu da teloli da masu sayar da farantan sola, su kuma su sa a Facebook da WhatsApp. Na cire sefa 300,000 daga jarin shago na ba shi, ya sayi waya ya biya kuɗin manhajoji. Ya ce muna da masu ba mu aiki mutum biyar, kuɗin suna shiga Orange Money ɗinsa, kuma zuwa yau ya kawo mini sefa 40,000. Yanzu yana so in ƙara 500,000 a sayi kwamfuta, ya ce da ita za mu riƙa samun miliyan ɗaya a wata kamar yadda yake gani a intanet. In ba shi ko in dakata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka dakata, kada ka ƙara ko sisi tukuna. Ba don sana'ar ba ta da kyau ba, kuma ban ce yaron yana cin amanarka ba, domin ban san shi ba kuma ba ni da hujjar zarginsa. Dalilina shi ne a duk wasiƙarka adadi biyu kawai ka sani da kanka, wato abin da ka bayar da abin da aka dawo maka da shi, sauran kuwa duk "ya ce" ne. Ya ce masu ba da aiki biyar ne, amma ba ka san sunayensu ba, ba ka san nawa kowa yake biya ba, ba ka san bidiyo nawa aka yi ba, ba ka san wanda ya biya da wanda ake bi bashi ba. Kai da ba za ka yarda turmin atamfa ɗaya ya fita daga shagonka ba tare da ka san wanda ya ɗauka da ranar da zai biya ba, yaya aka yi ka saki sefa 300,000 wata huɗu babu layi ɗaya a rubuce? Idan ka ɗora 500,000 a kan wannan, cinikin biri a sama ka yi.

Na san abin da ya hana ka tambaya. Ɗan ƙaninka ɗanka ne, kana jin nauyin ka ce masa ya kawo lissafi, kada mahaifinsa ya ji ya ce ba ka yarda da ɗansa ba. Ga kuma harkar waya da manhaja da kake gani ta fi ƙarfin saninka, shi ya sa ka sakar masa komai. To, lissafin kuɗi ba ya bukatar sanin manhaja. Nawa aka karɓa, nawa aka kashe, nawa ya rage, wannan aikinka ne tun kafin a haifi yaron. Game da jin nauyi kuwa, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni take yi da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma ba ta cire 'yan uwa daga ciki ba. Abin da kuke yi ma yana da suna a wurin malaman fiƙihu, ƙiradi, inda wani ke kawo jari wani ya kawo aiki, a yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi, hasara kuma ta faɗa kan mai jari matuƙar mai aiki bai yi sakaci ba. Ku ba ku yanka rabo ba. Sefa 40,000 ɗin da ya kawo maka, riba ce ko wani ɓangare ne na jarinka yake mayarwa? Kai ba ka sani ba, kuma ina kyautata zaton shi ma bai sani ba, domin a asusun da abokan ciniki ke turo kuɗi, a nan yake cire kuɗin moto da na katin waya da na abincin rana.

Akwai abin da ya fi kuɗin da suka riga suka shige muhimmanci. Wannan sana'a ba ta da shago, ba ta da kaya a kan kanta. Dukiyarta ita ce lambar wayar da abokan ciniki suka sani, da shafin Facebook da ake nuna aikin a kai, da asusun manhajojin da aka adana hotuna da tsarin bidiyon kowane abokin ciniki. Dukansu suna rataye ne a kan layin waya ɗaya, layin kuma an yi masa rajista da katin ɗan ƙasa na mutum ɗaya. Duk wanda saƙon lambar sirri ke shiga wayarsa, shi ne mai sana'ar, ko da wani ne ya biya kuɗin komai.

Na san wani mai sayar da farantan sola da batura a Ngaundere da yaron shagonsa ya buɗe masa shafi da lambar kansa, ya riƙa sa hotunan kaya da farashi har mutane daga Maiganga da Tibati suka fara kira suna yin oda. Babu faɗa tsakaninsu, babu sata. Yaron ya samu aiki a Duwala ya tafi, daga baya wayarsa ta ɓata, bai je ya dawo da layin ba saboda ya riga ya sayi wani. Shafin yana nan har yau da tsohon farashi da lambar da ba ta shiga, mai shagon yana kallonsa amma ba zai iya canza ko harafi ɗaya ba, mutane kuma suna ɗauka ya rufe. Dole ya buɗe sabo ya fara tara mabiya daga farko. Kai naka ya fi nasa haɗari, domin idan yaronka yana riƙe da shafukan makarantu da teloli da sunan yana sa musu bidiyo, ranar da wani abu ya faru wurinka za su zo, tunda kai ne babba kuma kai aka sani a kasuwa.

Maganar miliyan a wata kuwa, ka gaya masa ya ajiye ta. Da yawa daga masu faɗin haka a intanet darasi suke sayarwa, kuma suna lissafi ne da farashin Turai da Amurka, inda ake biyan bidiyo ɗaya abin da telan Garwa ba ya samu a mako. Tun da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai yin rubutu, ya fito a ƙarshen 2022, kuma manhajojin haɗa bidiyo da hoto irin CapCut da Canva suka cika wayoyin matasa, jera hotuna takwas a ɗora rubutu da kiɗa ya zama aikin da duk ɗan makaranta mai waya zai yi cikin rabin awa. Abin da kowa zai iya yi ba ya tsada, kuma kullum ƙara araha yake yi. A ganina, idan aka samu wanda zai biya sefa 3,000 zuwa 5,000 a kan bidiyo na daƙiƙa talatin a garuruwanmu, an yi ciniki mai kyau. Ka ɗauki 5,000 ɗin ma. Kafin a kai miliyan sai an yi bidiyo 200 a wata, wato kusan bakwai kowace rana, a kuma samu masu biya nan take. Ina suke? Aikin ma na lokaci ne: makarantu suna neman talla a Agusta da Satumba lokacin rajistar ɗalibai, teloli kafin sallah ƙarama da babba, masu sola da fanka a zafin Maris da Afrilu. Tsakanin waɗannan lokuta kasuwa takan yi sanyi, amma kuɗin manhaja ba sa tsayawa. Rajistar wata ta ChatGPT Plus, ɗaya daga tsare-tsarensa na biya, dalar Amurka 20 ce, kusan sefa 12,000, kuma irin waɗannan kamfanoni sukan cire kuɗinsu da kansu duk wata daga katin da aka ba su, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Ka tambaye shi manhaja nawa yake biya, da katin wa, kuma wacce ce yake amfani da ita da gaske.

Lissafin da ya fi kusa da gaskiya shi ne wannan. Idan aka samu mutum shida da suka yarda da yarjejeniyar wata, kowa bidiyo takwas a kan sefa 25,000, an tashi da 150,000. A cire kusan 20,000 na manhajoji, da 15,000 na intanet, da 15,000 na zirga-zirgar ɗaukar hoto, ya rage 100,000 da za ku raba. Wannan sana'a ce mai mutunci ga matashin da yake zaune babu aiki, kuma ina so ta ɗore. Amma idan rabonka 50,000 ne a watan da komai ya tafi daidai, sai ka jira wata goma kafin kuɗin kwamfutar kaɗai su dawo, ban da 300,000 na farko, alhali kuɗin nan da suna cikin atamfa da ka juya su kafin sallah.

Kwamfutar ma ba ita ce za ta kawo abokan ciniki ba. Bidiyon da za a kalla a tsaye a fuskar waya, a status ɗin WhatsApp inda yake ɓacewa bayan awa 24, waya ta sefa 180,000 ta ishe shi, kuma wayar ta fi jure yawan ɗaukewar wuta da muke fama da ita. Abin da zai sa a zaɓe ku a bar wani shi ne abin da manhaja ba ta iya ba. Ƙirƙirarriyar basira tana rubuta Faransanci mai kyau, amma Hausarta takan fito a karkace, Fulatancinta kuma ya fi rauni, ga shi yawancin masu saye a Garwa da Marwa da waɗannan harsuna ake shiga zuciyarsu. Wasu salon rubutun da ke cikin manhajojin ba su san ɗ da ƙ da ɓ ba, sai ka ga ƙaramin akwati ya fito a tsakiyar kalma, ko harafin ya canza kama ya bambanta da sauran. Dole mutum ya zauna ya karanta kowane layi kafin ya tura, ya kuma ɗauki muryar mutum na gaske idan ana son Hausa ko Fulatanci. Haka kuma kiɗan mawaƙa da ake ɗorawa ba da izini ba, Facebook yakan kashe sautin bidiyon, sai abokin ciniki ya ga ya biya kuɗin hoton bebe.

Sai batun hotunan da manhaja ke ƙirƙira da kanta, wanda nake so ka sa ido a kai da kanka domin sunanka ne a ciki. Wata makaranta da na sani an yi mata bidiyo da hoton bene mai kyau da yara cikin aji mai fanka da tagogin gilashi, duk na'ura ce ta zana. Iyaye suka zo rajista suka tarar da azuzuwa huɗu na kwano. Makarantar ba ta da laifi a karatunta, amma daga ranar aka fara cewa masu ita maƙaryata ne, su kuma suka sallami mai bidiyon ba su biya shi ragowar kuɗinsa ba. A bar manhaja ta gyara haske, ta tsara jerin hotuna, ta taimaka da rubutu, amma ɗinkin da za a nuna ya zama wanda telan ya ɗinka da hannunsa, farantin sola kuma ya zama wanda yake jingine a shagon.

Ga abin da za ka yi a wannan makon. Ka kira yaron da mahaifinsa ku zauna bayan la'asar, ka fara da yaba masa, domin samun mutum biyar da suka yarda su biya ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Sannan ka ce kana son sana'ar ta girma, shi ya sa za a tsara ta. A sayi sabon layi da sunanka wanda na sana'ar ne kaɗai, a buɗe masa asusun Orange Money ko MTN MoMo, a sanar da duk abokan ciniki cewa nan za su riƙa biya. A mayar da shafin Facebook ƙarƙashin ikonka, shi kuma a ba shi izinin sa bidiyo da amsa saƙonni, domin manhajar ta tanadi hakan. Lambobin sirri na kowane asusu a rubuta su a takarda a ajiye a inda kake ajiye takardun shago. Ya buɗe tarihin asusunsa na wata huɗun nan a gabanka, ku bi shi layi-layi ku fitar da abin da ya shigo daga aiki. Idan kun tarar an kashe wasu a hidimar kansa, kada ka tozarta shi a gaban mahaifinsa, tunda ba a taɓa gindaya masa iyaka ba. A rubuta adadin, a yafe ko a mayar da shi bashi, a wuce wurin.

Daga nan a sayi littafi ɗaya. Kowane aiki a rubuta kwanan wata, sunan mai aikin, yawan bidiyo, farashi, abin da ya bayar da abin da ya rage, kuma kada a fara aikin kowa sai ya ba da rabin kuɗi, domin bidiyon da aka riga aka tura ba a karɓo shi kamar yadda ake karɓo turmin atamfa. A yanka rabon riba a rubuta, ku uku ku sa hannu. Duk Juma'a ku haɗa littafin da abin da ke cikin asusun. Idan bayan wata uku littafin ya nuna ribar da ba ta gaza sefa 80,000 a wata ba, kuma akwai aikin da aka mayar saboda waya ta kasa yin sa, sai a nemi kwamfuta ta hannu mai kyau a kan 150,000 zuwa 200,000, a biya daga ribar sana'ar, kada a sake taɓa jarin atamfa.