Direba ɗaya ga LIS3DH, LIS2DH12 da LIS2DW12: in cire binciken WHO_AM_I?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni nan Mabera nike, ina haɗa tiraka ga masu ba da mashin na kabu-kabu bashi. Cip ɗin ma'aunin motsi na kowane bod daban ne: bod ɗin farko LIS3DH ag gare shi, na biyu LIS2DH12, sabon da ya iso kwanan nan kuma LIS2DW12. Direban, wato manhajar da ka magana da cip ɗin, ya cika da #ifdef (layukan da ka ware lambar kowane bod) har ni kaina ban gane shi. Wani abokin sana'a ya ce duk kamfanin ST ne ya yi su don haka in goge layin da ka duba WHO_AM_I, wato lambar shaidar cip, kawai, na goge, lambobi na fitowa lahiya lau. To amma shekaranjiya an tura mashin ɗin mutum daga ƙofar gida cikin dare, tiraka ba ta ce uffan ba, kuma mai sabon bod ce. Hankalina ya tashi don akwai wasu da yawa a waje. Mi ya kamata in yi wa direban?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kafin mu taɓa maganar gyaran tsarin direba, yau ɗin nan ka fitar da jerin duk mashinan da ke da sabon bod ka kira masu su ka gaya musu ƙararrawar sata ba ta aiki. Ba wai wataƙila ba, ba ta aiki, kuma zan nuna maka dalili da lambobi.

Wannan magana ta "kamfani ɗaya ne, goge layin kawai" kusan kullum sai na ji ta kuma wallahi ta ishe ni. Abin da ya sa take da haɗari shi ne tana kama da gaskiya a kan tebur. LIS3DH da LIS2DW12 duka suna amsawa a adireshi 0x18 ko 0x19 na I2C, layin da ake magana da cip ta kansa, duka WHO_AM_I ɗinsu na rajista 0x0F (rajista gurbi ne cikin cip da ake rubuta saiti ko karanta awo), duka bayanan X suna farawa daga 0x28. Sai ka rubuta 0x57 a rajista 0x20 kamar yadda kowa ke yi wa LIS3DH, wato 100Hz da kunna X, Y, Z, a LIS2DW12 ma bit huɗun sama gudun ɗaukar awo ne don haka shi ma ya tashi a 100Hz, amma huɗun ƙasan a wurinsa ba na kunna X, Y, Z ba ne, yanayin aiki suke zaɓa, sa'a ce kawai ta jefa shi yanayin da yake ba da awo. Ka ajiye bod a tebur ka ga Z na nuna kusan 1000mg, wato 1g na jan ƙasa, sai abokin naka ya ce ka gani ko? Daga nan kuma komai ya rabu.

Rajista 0x23 a LIS3DH nan ne ake saita iyakar awo, ±2g zuwa ±16g, da BDU, bit ɗin da ke hana awo canzawa kana tsakiyar karanta shi. A LIS2DW12 0x23 tana zaɓar abin da zai fita ta INT1 ne, ƙafar da cip ke aika sigina ta kanta, iyakar awo tana can 0x25, BDU kuma tana 0x21. Ma'ana ka ce masa ±8g, shi bai ji ba, yana nan a ±2g ɗinsa, direba kuma na ninkawa da 4 sai mashin a tsaye ya nuna 4g. To a nan ne 'yan dabara ke ƙara ɓata lamarin, sai mutum ya raba da huɗu ya ce ya yi kalibireshin. Lamba ta dawo daidai a ido, amma cip ɗin ba zai taɓa ba da abin da ya wuce 2g ba, in ka sa ganewar haɗari a 4g to ko mashin ya yi karo da tirela a hanyar Illela shiru za ka ji.

Naka matsalar kuma ta farkawa ce, wato cip ya tashi tiraka daga barci in an motsa mashin. A LIS3DH kana saita ta a INT1_CFG 0x30, INT1_THS 0x32, INT1_DURATION 0x33, ka tura ta waje ta 0x22. A LIS2DW12 waɗannan 0x30 zuwa 0x33 na gane ƙwanƙwasawa ne. Mizanin farkawarsa na 0x34, tsawon lokacin na 0x35, sannan akwai bit INTERRUPTS_ENABLE a 0x3F wanda in ba ka kunna shi ba siginar farkawa ba za ta motsa ƙafar INT1 ba, kuma tsohon direbanka bai ma san da wata 0x3F ta wannan aikin ba. MCU, ƙwaƙwalwar tiraka, ya kwanta barci yana jiran a tashe shi, ɓarawo ya tura mashin, babu mai tashinsa. Layin nan da ka goge, da ya ga 0x44 ta LIS2DW12 a maimakon 0x33 ta LIS3DH ya ƙi ci gaba, aikinsa yake yi. Mai gadi ne ya tare baƙo a ƙofa kai kuma ka sallami mai gadin.

Kuma kar ka tsallaka ɗaya ɓangaren ka ce to duk inda WHO_AM_I ya yi daidai shikenan cip ɗaya ne, wannan ma ruɗin kai ne. LIS3DH, LIS2DH12 da LIS2DE12 duka 0x33 suke amsawa, alhali LIS2DE12 bit 8 kawai yake bayarwa, LIS3DH kuma yana da ƙafafun ADC na waje da LIS2DH12 ba shi da su. Wanda ya fi ban tsoro a wurin kamfanin Analog Devices yake, ADXL345 da ADXL375 duka 0xE5 ne, na farko 3.9mg kowace lamba, na biyu 49mg don shi na ±200g ne. Ka ɗora direban wannan a kan wancan awonka ya kauce fiye da ninki goma ba tare da kuskure ko ɗaya ya fito ba. Shi ya sa a Linux ake faɗin sunan cip a devicetree, fayil ɗin da ke bayyana kayan bod, ta layin compatible, direba ya ɗauko saitinsa daga can, lambar ID kuma tabbatarwa kawai take yi. Masu sayar da kaya a intanet da ke rubuta cewa wannan madadin wancan ne kai tsaye, yawanci girman jiki da ƙafafu suke nufi, ba su buɗe takardar rajista ba kuma ba su ne mai mashin zai zo wa da 'yan uwansa ba.

To gyaran. #ifdef ɗin ka rabu da su, don suna tilasta maka famwaya, wato manhajar da ake loda wa bod, daban ga kowane bod kuma wata rana yaron shagonka zai loda na wannan a wancan. Raba direban uku. Ƙasa akwai karanta rajista da rubuta rajista, I2C ko SPI, ba ruwansu da wane cip ne. Abu ɗaya da za su karɓa daga tebur shi ne yadda ake karanta bait da yawa a jere, don LIS3DH a I2C sai ka haɗa adireshin da 0x80, in ba haka ba rajista ɗaya zai yi ta maimaita maka sau shida, LIS2DW12 kuwa IF_ADD_INC yake bi kuma a kunne take tun farko.

Tsakiya shi ne tebur, const struct ɗaya ga kowane cip: suna, ID da ake sa ran gani, rajista da mask na gudu, rajista da mask na iyakar awo, inda BDU take, yawan bit, da jerin ƙimar kowace iyaka. Wannan jerin ka kwafo shi daga takardar masana'anta layi-layi, kar ka lissafa da ka. A LIS3DH mai bit 12 ƙimar ita ce 1, 2, 4 sannan 12mg a ±16g, ba 8 ba, duk wanda ya rubuta 1 << iyaka, wato ninkawa da biyu a kowane mataki, ya faɗa rami. LIS2DW12 mai bit 14 kuma 0.244mg ne a ±2g har 1.952mg a ±16g, don haka ka ajiye su a microg cikin int32 ka huta da float. Linux haka ya yi a direbobinsa st_accel da kuma mma8452 inda MMA8451, 8452 da 8453 suka bambanta a bit 14, 12 da 10, ka buɗe su ka ga tsarin.

Sama kuma sauran famwayarka na magana da mg da Hz kaɗai. Ta ce tashe ni in motsi ya kai 250mg, ba ta san wata rajista ba. Wannan na da muhimmanci don lamba ɗaya a mizanin LIS3DH 16mg ce a ±2g, a LIS2DW12 kuwa iyakar awo ce a raba 64, kusan 31mg, in ka kwafi ɗanyar lamba daga wannan zuwa wancan mizaninka ya ninka.

Inda na saba da wasu abokan aiki, su suna son komai ya shiga tebur. Ni ban yarda ba. Farkawa a cip biyun nan ba lambobi ne kawai suka bambanta ba, matakan ne daban, to nan ka sa fointa zuwa aiki biyu, wake_setup na dangin LIS3DH da na LIS2DW12, kowa ya yi nasa. LIS3DH da LIS2DH12 su raba aiki ɗaya da layi biyu a tebur. Zephyr ma, tsarin aiki na ƙananan na'urori, direba ɗaya ta haɗa musu, lis2dh, ta ware wa LIS2DW12 nasa daban. Amma kar ka mai da kowane ƙaramin abu fointa, in ka yi haka direba uku ka rubuta a fayil ɗaya.

Wane layi za a ɗauka a tebur, bod ne zai faɗa, ko lambar bod da ka rubuta a flash lokacin haɗawa ko ƙafar GPIO da ka ɗaure. Sannan a karanta 0x0F a gwada. In bai dace ba direba ya dawo da kuskure kuma tiraka ta aiko maka saƙo ta GSM cewa ma'aunin motsinta ya ƙi, ba ta yi shiru ta ci gaba kamar lafiya ba.

Wurin aiwatarwa kar ka haɗa gyara da ƙarin cip a zama ɗaya. Fara da LIS3DH kaɗai, ka buga duk abin da tsohon direba ke rubutawa, rajista da ƙima, ta UART ko lojik analaiza, ka mai da shi tebur, ka sake bugawa, dole su zo iri ɗaya bait da bait. Sai LIS2DH12, sai LIS2DW12 a ƙarshe. Kowane bod ka juya shi fuska shida ka ga +1000 da -1000mg a X, Y, Z, kuma a kowace iyaka huɗun ba ±2g kaɗai ba tunda ita ce ta yaudare ka. Bayan kowane saiti ka karanta rajistar ka tabbatar ta zauna. Gwajin ƙarshe ba a tebur ba ne, ka ɗaura ta a mashin, ka jira MCU ya yi barci sosai, ka sa yaro ya tura mashin a hankali ba tare da ya tayar da inji ba kamar yadda aka yi wa mutuminka, ka duba wayarka. Waɗanda ke waje masu sabon bod, in ba ka da hanyar sabunta famwaya daga nesa, sai an kawo su shago ɗaya bayan ɗaya.