Dalilin da ya sa ake kallon sababbin taurari daga sararin samaniya

Ka tambaya ko ana iya nazarin hasken eksre (X-ray, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti) da sababbin taurari ke fitarwa ta hanyar na'urorin hangen nesa da ke doron ƙasa. Ba a iyawa, domin iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye wannan haske kafin ya iso gare mu, shi ya sa aka dogara ga na'urori irin su Chandra ta hukumar sararin samaniya ta Amurka (NASA) da XMM-Newton ta hukumar sararin samaniya ta Turai, waɗanda aka harba a 1999. Tauraron da bai daɗe da samuwa ba yana da maganaɗisu mai ƙarfi wanda ke zafafa iskar da ke kewaye da shi zuwa miliyoyin digiri, don haka yakan fitar da eksre ninki ɗaruruwa, har dubbai, na abin da Rana ke fitarwa. Wannan haske kuwa yana ratsa ƙurar da ke ɓoye tauraron.

Sai dai akwai sharaɗi da na ga muhimmancinsa wajen duba bayanan Chandra, wato kallo na ɗan lokaci yana iya yaudarar mai bincike, saboda hasken waɗannan taurari yakan yi tashin gaggawa na wasu sa'o'i sannan ya lafa. Hakan ne ya sa a 2003 Chandra ta shafe kusan mako biyu tana kallon gajimaren Oriyon, wani tarin iska da ƙura a sararin samaniya da sababbin taurari ke samuwa a cikinsa, inda aka gano maɓuɓɓugan eksre fiye da 1,600, kuma sai da aka gwada su da hotunan hasken infared (infrared, wani hasken da ido ba ya gani) kafin a tantance waɗanda taurari ne na gaske.