Nawa zan sa wa zanena na NFT?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai zane ne daga Pantami a Gombe. Ina zana dawakin Hawan Sallah da 'yan lifida a kwamfuta. Na ɗora zane uku a matsayin NFT (zanen kwamfuta mai shaidar mallaka da ake iya sayarwa) a OpenSea, dandalin cinikin NFT a intanet, kowanne rabin ETH (kuɗin intanet na Ethereum), yau wata huɗu ko tayi babu. In rage kuɗin ne, ko in ci gaba da jira?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka sauke su ka sake musu kuɗi. Tunda babu wanda ya saya tukuna, ragin ba zai cuci kowa ba. Rabin ETH kuɗin wanda ya riga ya yi suna ne. Da yawa sun shigo harkar ne da jin labarin mai zane Beeple, wanda aka sayi aikinsa dala miliyan 69 a gwanjon Christie's a watan Maris na 2021, ko na Osinachi ɗan Najeriya da ke zane da Microsoft Word. Dukansu sun yi shekaru suna tara masu bibiyarsu kafin wannan rana, kuma kasuwar ta yi sanyi sosai tun 2022.

Fara da uwar kuɗinka, kuma ka lissafa ta da dala ko naira, kada ka lissafa da ETH. A ce zane ɗaya ya ci maka awa 12, ka yi wa awarka kuɗi dala 3, ka ga dala 36. Ƙara data da caji da man janareta, a ce dala 4. Dala 40 ke nan abin da dole ya shigo hannunka. Sai abin da za a zaftare a hanya: la'adar dandalin, kuɗin gas, wato ladan rubuta zanen a bulokcen (rajistar intanet da ke adana kowane ciniki), da ɗan abin da ke zubewa wajen canji zuwa naira. Idan duka sun kai kashi 15, raba 40 da 0.85, za ka samu kusan dala 47. Ƙasa da wannan, albarka. La'adar dandali tana canzawa, don haka ka duba ta a ranar da za ka ɗora.

Bayan haka ne za ka mayar da kuɗin zuwa ETH, kuma ka riƙa dubawa duk mako. ETH ya haura dala 4,800 a Nuwamban 2021, ya faɗo ƙasa da dala 1,000 a Yunin 2022. Wanda ya rubuta lamba ya tafi ya bar ta, ko dai kayansa su yi tsadar da ba mai kallo, ko ya sayar da asara bai sani ba.

Inda na fi so ka tsaya ka yi nazari shi ne yawan kwafi. Zane tilo, wanda babu na biyunsa, shi ke ɗaukar kuɗi mai nauyi, amma mai sayensa sai wanda ya yarda da kai. Sabon hannu ya fi samun ciniki da kwafi ƙididdigaggu. Ɗauki dokin nan mai jan lifidi ka fitar da kwafi 10 a kan dala 8 kowanne. In sun ƙare ka samu dala 80, ka kuma samu mutum goma da ke son sunanka ya ɗaga, domin darajar abin da ke hannunsu ta dogara da shi. Kada ka fitar da 500. Kwafi 490 da suka rage a fili kowa na ganinsu, kamar tumatirin da ya kwana a kan tebur. Irin wannan ƙaramin ciniki kuma ba na bulokcen ɗin Ethereum ba ne, inda gas kan haura kuɗin zanen idan hanya ta cunkushe. Ka kai shi wani bulokcen, kamar Tezos ta dandalin objkt, ko Polygon, ko Base, inda gas bai taka kara ya karya ba.

Idan kwafin farko suka ƙare, ƙara kamar kashi 20 zuwa 30 a na gaba. Daga ranar da mutum ya ba ka kuɗinsa, kada ka sayar da irin wannan aiki ƙasa da yadda ya saya, don komai a rubuce yake, zai gani. In wasu sun ƙi fita, gara ka ƙone ragowar, wato ka soke su har abada, adadin ya ragu.

Gwanjo kuwa ka bar shi sai ka san aƙalla mutum biyu na son abin. Mai taya ɗaya shi zai ɗauka a kan mafi ƙarancin kuɗin da ka sa.

Akwai kason da ake ba mai zane duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa. Sa kashi 5 zuwa 10, amma kada ka rage kuɗin farko kana jiransa. Tun Agustan 2023 OpenSea ta sanar da mayar da biyansa ganin dama.

Wasu za su ce ka buɗe wani asusun ka sayi naka da tsada don a ga ana ciniki. Wannan shi ne tayin ƙarya da malamai ke kira najashi, haramun ne, kuma masu saye na gane shi ta bin sawun kuɗin. Haka wanda zai turo maka saƙo cewa zai ba ka ETH biyu, amma sai ka ɗora a wani shafi nasa ka fara biyan gas, ɗan damfara ne. Kalmomin sirri 12 da ke buɗe asusunka, ka rubuta su a takarda ka adana, kada ka tura wa kowa ko da ya ce ma'aikacin dandalin ne.